Awa Goma Sha Biyar ɗin Auta

Yayana Alhaji Garba ya zalunci ƙaninmu Sa'idu. Ban ce da mugun nufi ya yi ba, amma zalunci ne, kuma na faɗa masa haka ido da ido, don kada wani ya ce gulma nake yi. Mahaifiyarmu ta kwanta ciwo tun farkon damina har dawa ta fitar da kai, kuma duk ranar da Sa'idu ya bugo waya daga Malesiya ya tambayi jikinta, amsa ɗaya ake ba shi: da sauƙi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, yanzu da wuya ki shiga unguwa a Rano ko Kibiya ba ki sami gidan da ke da ɗa ko 'ya a wata uwa duniya ba, kuma na lura duk lissafi ɗaya suke yi, irin wanda muka yi.

Sunana Binta. A Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya aka haife ni, aure ya kawo ni Rano. Ban taɓa zama a aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari, sannan na shiga makarantar manya ta yamma. Wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya miƙe shi a ransa ya wuce. Mu uku ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Yaya Garba ɗan fari, wanda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ni a tsakiya. Sai Sa'idu, Auta, wanda sunansa ba ya barin bakinta ko tana tuƙin tuwo.

Kafin in shiga ciwon sai na faɗi yadda Inna ta ɗauki jirgin sama, don daga nan kuskuren ya taso. Kakanta ya tafi Makka a ƙasa. Ya bar mahaifiyarta tana rarrafe, ya dawo ya tarar tana tallan fura. Da wannan labarin Inna ta girma. Sai ga shi da Allah ya kira ta, ta hau jirgi a Kano, aka ba ta shinkafa a ɗan faranti mai murfi, ta ɗan runtsa, ta farka ta ji ana cewa ga Jidda. Awa biyar ba ta cika ba. Babu gidan suna ko na biki da bai ji wannan labari ba. Takan ce lokacin tana budurwa, in ta ɗauki gyaɗa a ka zuwa kasuwar Rano, kafin ta je ta dawo ta fi haka daɗewa a hanya. Tun daga nan ta yanke cewa jirgi ya kashe nisa, babu sauran wuri mai nisa sai lahira.

Da Sa'idu ya sami aikin koyarwa a wata jami'a a Kuala Lumpur, garin da Inna ta gutsure wa suna take ce masa Kwala, ranar sallama ya durƙusa a gabanta a tsakar gida tana tankaɗe, ya ce, "Inna, awa goma sha biyar ce fa kawai a sama. Yau na taso, gobe ina cin tuwonki."

Don ta daina kuka ya faɗa. Amma maganar ta zauna a gidanmu daram, kowa ya jingina da ita. Can sun riga mu da awa bakwai. Inna ba ruwanta da awa, da sallah take auna shi. In ta idar da Asuba sai ta ce Auta na shirin Azahar. In muna Azahar sai ta ce ya yi Isha, a bar shi ya kwanta. Tana alfahari ɗanta yana riga duk mutanen Kibiya shiga gobe.

Ni kuwa a ajinmu akwai ƙwallon duniya a kan kabad. Wata rana na sa malamarmu ta sauko da shi. Na ɗora babban yatsa a Kano, ban gama buɗe hannu ba ga Jidda. Da na nemi Kwala sai da na juya ƙwallon, kuma abin da ke tsakani yawancinsa shuɗi ne, ruwa. Na je na faɗa wa Inna, ta ce boko ya fara taɓa ni.

Da takalmi ciwon ya fara. Ta ce silifas ɗinta ya ƙanƙance, har tana zargin an musanya mata a gidan maƙwabta. Na duba ƙafar, na danna da yatsa, gurbin ya zauna kamar a ƙullun ƙosai. Ta ce zaman ɓarar gyaɗar iri ne ya jawo. A mako na biyu haki ya shigo. Daga ɗaki zuwa wurin alwala sai ta tsaya ta dafa rumbu. Mai kemis na Kibiya ya ba da ƙwayoyi, muka sa rai. Ranar da na zo na tarar tana sallah a zaune, matar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta sujada ba, ban tsaya shawara da kowa ba, na kira Yaya na ce ya kawo mota.

Zan faɗi gaskiyar Yaya kamar yadda na faɗi laifinsa. Shi ya ɗauke ta cak daga mota zuwa barandar asibiti a Rano, babbar rigarsa tana jan ƙasa, ita kuma tana kawar da kai saboda kunyar ɗan fari. Muka bi layi daga hantsi har rana ta take, ga masu ciki, ga masu yara suna tari, ga wani tsoho da ke ta ba kowa labarin ƙafarsa. Da aka auna ta aka ce jininta ya daɗe da hawa ba a sani ba, ruwa ya taru a jiki. Aka ba mu gado. Yaya bai fasa zuwa ba ko ranar da ake yi masa noma, kuma buhunan masarar da ya ajiye don tsadar damina duk a kan magani suka tafi, bai taɓa ambatawa ba.

Sai masu dubiya da shawarwarinsu. Goggo Abu, ƙanwar mahaifinmu, ta ce tun ranar da Inna ta bi ta gindin tsamiyar bayan gari da tsakar rana ta san za a rina. Wata ta kawo sassaƙe a ƙulle a gefen zani, wata ta ce a jiƙa kanwa. Rubutu kam mun karɓa mun ba ta, wannan ba na jayayya da shi. Amma da aka turo wanzami daga Saji wai zai tsattsaga ƙafafun ruwan ya fita, a bakin ƙofar ɗakin mata na tare shi, na ce ya mayar da zabirarsa inda ya fito da ita. Har yau matarsa ba ta amsa gaisuwata da kyau. Allah ya saka wa wata ma'aikaciyar jinya, 'yar siririya, da alheri. "Hajiyata" take ce wa Inna, kuma ita ta koya mini in jera matasai a bayanta ta yi barci a kishingiɗe, don in ta kwanta rigingine numfashi yankewa yake yi.

Hana gishiri ya fi allura yi wa Inna ciwo. Ta ce miyar kuka ba gishiri ba daddawa ai ba abinci ba ce, horo ne, kuma ba ta san abin da ta yi mini ba da nake ramawa. Ta ƙulla ƙawance da matar gadon kusa, suna musayar loma in na fita wanke kwanuka. Da na kama su, sai Inna ta ce ita baƙuwa ce, ba ta iya ƙin tayin mutane.

Duk wannan Sa'idu bai sani ba. An gaya masa dai ba ta jin daɗi, an kai ta asibiti. Yaya ya kafa doka cewa kada wanda ya tayar masa da hankali, yana da aiki, matarsa Rukayya tana da goyo, kuma in abu ya yi tsanani ai kwana ɗaya ne ya iso. Inna ta goyi bayansa. Ranar da zai kira ta wayar da ake ganin juna, sai ta sa in ɗaura mata ɗankwalinta mai ruwan zuma, in sa mata kwalli, in rufe ƙafafun da bargo. Ta tattara ƙarfinta na yini guda ta zuba a cikin wayar nan, tana tsokanarsa wai ya yi fari kamar bai ga rana ba, tana tambayar ko can ana samun kuɓewa. Ana kashewa sai ta zube a kan matasai tana haki. Shi kuma ya tambayi Yaya, Yaya ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na san haka muke faɗa. Ko mutum na gargara, da sauƙi ake cewa, kuma wanda ke tsaye a bakin gado ya san abin da ake nufi tunda yana gani. Wanda ke bayan teku ba ya gani. Kalmar kaɗai yake da ita, kuma a yadda ta zo masa yake ɗaukarta. Wani abin da ya ƙara ruɗar mu, muryar Sa'idu tana zuwa nan take, in ya turo na magani kafin a ajiye waya ya shigo. Sai zuciya ta ɗauka shi ma haka zai shigo.

Na yi ta yi wa Yaya magana, yana cewa ni dai na fiye baki. Da wata ya juya kumburin ya haura gwiwa, cikinta ya ɗaga, aka tura mu babban asibiti a Kano. Nan na ga layi na gaske, wanda sai kin yi layin karɓar kati kafin ki sami izinin shiga layin ganin likita. Aka ɗauki hoton zuciyarta. Likitan ba mai yawan magana ba ne, ya sa aka fitar da Inna a keke, ya dube mu ya ce, "Zuciyar ta gaji. Magani zai rage mata wahala, ba zai mayar da ita sabuwa ba. In akwai wanda take son gani, a kira shi tun tana gane mutane."

A baranda Yaya ya ce likita ba Allah ba ne. Na ce haka ne, jirgi ma ba Allah ba ne.

Washegari da hantsi na kira Rukayya kamar hira ce ta mata. Muka taɓa batun goyo, sannan na tambaye ta, zuwansu na ƙarshe, tun daga ranar da suka ce za su taho har suka taka ƙofar gida, yaya aka yi? Ta yi dariya ta ce Yaya Binta kada ki tuna mini. Sai da Sa'idu ya nemi hutu a wurin aiki aka ja shi. Sannan neman kujera, don jirgin da ke sauka Kano ba kullum yake tashi ba. Sannan ba kai tsaye ake zuwa ba, sai an sauka Adis Ababa an zauna jiran wani jirgin. Ta ce awa goma sha biyar ɗin nan da yake faɗa, zaman cikin jirgi ne kawai, shi ne ma mafi sauƙin tafiyar.

Na ce ta ba shi wayar. Ya fara gaisuwa, na katse shi na ce, "Sa'idu, babu sauƙi. An daɗe babu. In kana son ta gan ka, ka taso."

Sai ya ce fasfo ɗinsa ba ya hannunsa, ya miƙa shi ofis ana sabunta masa takardar zama, a makon da ya wuce ya miƙa. Da an gaya masa gaskiya tun ranar da aka ba mu gado a Rano, da fasfon na aljihunsa. Wannan shi ne zaluncin da nake faɗa.

Yaya ya yi fushi, ya daina yi mini magana sai a kan magani. Inna ma ta yi faɗa, ta ce na ɗaga wa yaro hankali a banza. Amma ba a jima ba sai ta ce a surfa gero, a nemo kuɓewa busasshiya mai kyau, a share ɗakin da yake sauka. Ta kuma kafe sai an mayar da ita Unguwar Gai, ba za ta yarda Auta ya same ta a gadon ƙarfe da roba a hanci ba. Likita ya ce tunda abin da ya rage shan magani ne, mu tafi.

Fiye da mako biyu muka yi muna jira. Yau a ce fasfo bai fito ba, gobe a ce ya fito amma babu kujera, jibi a ce an samu ta mako mai zuwa. Da yamma nakan fito da ita ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. A kwanakin nan ta ba ni labarai da ban taɓa ji ba. Yadda aka raka mahaifinmu hajji da motar katako cike da mutanen gari. Yadda take soya ƙuli-ƙuli ta aika wa Sa'idu makarantar kwana, ashe abokansa ke cinyewa. Yadda Yaya yana ƙarami ya yi ƙyanda ta kwana tana kuka a ɓoye don kada surukarta ta ce ba ta da kunya. Wannan na ƙarshe ta ce kada in gaya wa wancan. In jirgi ya gifta can sama ya bar farin zare, sai ta bi shi da ido har ya ɓace. Ta daina cewa jirgi ya kashe nisa.

Ranar da ya taso, ya kira daga filin jirginsu muna La'asar. Muryarta ta riga ta yi ƙasa, sai na kara mata wayar a kunne. Ta tambaye shi ko ya ci abinci kafin ya hau. Sannan ta fara cewa ta yafe masa duniya da lahira. Ya katse ta ya ce a'a Inna, ba a waya ba, ki bari sai na zo gobe na durƙusa a gabanki. Ta ce to.

Ana kiran sallar Isha ta cika, kanta a cinyata, Yaya na riƙe da hannunta yana yi mata kalmar shahada. Sa'idu a lokacin yana saman ruwan nan shuɗi, wayarsa a kashe.

Yaya ya fita ya dawo ya ce an sanar, jana'iza da hantsi. Na ce jirgin Sa'idu sai Azahar zai sauka Kano, ga hanyar Karfi da Bunkure, ga Rano, ga Kibiya, a bari sai bayan La'asar. Ya ce gaggauta binnewa shi ne sunna, an riga an aika Rurum da Saji, mutane za su bar gonakinsu su zo. Sannan ya ce, a hankali, lokacin da Baba ya rasu, shi Yaya yana Kudu yana fataucin albasa, wa ya jira shi? Ban san abin yana ransa duk shekarun nan ba. Na tausaya masa. Amma rashin jiransa da aka yi ba dalili ba ne.

Gab da Asuba waya ta yi ƙara, Sa'idu ne daga Adis Ababa, ya sauka yana jiran jirgin Kano. Ya ce yaya jikin Inna. Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba. Na ji hayaniyar mutane a bayansa da muryar mace tana sanarwa da wani yare, shi kuma yana ta maimaita innalillahi. Da ya tsagaita sai ya ce, "Yaya Binta, ku jira ni. Ko kafaɗata ce in sa a makarar." Na ce za a jira.

Ga abin da nake so mata 'yan'uwana su riƙe. In naki yana nesa, kada ki auna shi da awannin da ya ce yana yi a sama. Ki tambaye shi ina fasfonsa, wa zai ba shi hutu, wace rana jirgin garinku yake tashi. Ranar da aka ba marar lafiya gado, ranar za ki faɗa masa gaskiya da kalmomin da ba su da fuska biyu, shi ya zaɓi abin da zai yi. Kuma in tsohuwa ta fara yafiya, kada wanda ya ce mata ta bari sai gobe.

Sa'idu bai sami Inna da rai ba, amma ya sami sallarta. Yana sahun gaba bayan La'asar, da rigar sanyin da ya sa saboda jirgi, bai ko tsaya cirewa ba, kuma shi da Yaya suka shiga kabari suka karɓe ta. Mutanen da suka zo daga nesa har yau suna cewa Allah ne ya yi masa gyaɗar dogo aka sami jinkiri. Allah ne ya yi, ba na musu. Amma ga yadda jinkirin ya samu.

Gari na wayewa na aika wa limamin unguwarmu da tambaya ɗaya, ko haramun ne a jira ɗan da ke kan hanya zuwa La'asar. Ya aiko cewa gaggawa ta fi, amma ba haramun ba ne matuƙar gawa ba za ta sauya ba, sai dai magana tana hannun Alhaji. Na sa maigidana ya hau babur ya je Rano ya ɗauro ƙanƙara, muka jera a gefenta ni da Goggo Abu. A wurinmu mace ke wanke mace, kuma babu namijin da zai ɗaga labule sai mata sun ce sun gama. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin Inna, na zauna na miƙe ƙafa.

Da hantsi ya yi, zaure ya cika, Yaya ya shigo ya tsaya a tsakar gida, idanunsa jajur. Ya ce, "Binta, mutane na jira. An gama wankan?"

Na ce, "Ba a fara ba, Yaya. Sai jirgi ya sauka."